Kafin ka ce zaka hau Kilimanjaro, fara zuwa Peduase da asuba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya, ya aiki, ya kuma haƙuri da irinmu masu dogon surutu. Ni tela ne a Madina Zongo nan Accra, haifaffen Nima, shekaruna 46. Dan Allah ka bani ɗan fili in amayar da wata magana da ta daɗe tana cina, in tayi tsawo ka rage inda kaga dama amma kar ka taɓa min wurin da na bada labarin kunyar da na sha, don duk maganar a nan take.

Abinda ya tada ita shine kwanakin baya muna zaune a majalisarmu ta shan ataya, bes kamar yadda yara ke cewa, sai wani ya nuna mana hoto a waya, wani bawan Allah tsaye a ƙololuwar dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya riƙe da tutar Ghana. Nan take samari 5 kowa yace ai shima zai hau, wai tafiya ce kawai ba igiya ake kamawa ba, ɗaya ma har da buga ƙirji wai shi da yake buga ƙwallo kullum da yamma kwana 2 ya isheshi yaje ya dawo. Ni dai nayi shiru ina juya kofina don na taɓa yin irin wannan cika bakin kuma naga inda ya kaini.

Shekara 3 kenan, bayan ƙaramar sallah, muka haɗa kuɗi mu 14 muka ɗauki shatar bas zuwa dutsen Afadjato a yankin Volta. Tun kafin gari ya waye muka bar Madina muka bi ta Dodowa da Somanya muka faɗa Kpong, a Atimpoku gab da gadar Adomi muka tsaya na loda wa cikina abolo da soyayyun ƙananan kifin nan da matan wurin ke tallarsu a bakin mota, na kora da lemo mai sanyi, saboda wai ina tara ƙarfi. Muka wuce Peki muka wuce Have, a Golokwati muka karya zuwa ƙauyen Liati Wote inda ake fara hawan. Na saka wandon jins matsattse da sabon kambas da na siya jiya jiya don hoto. Da ɗan jagoran da aka haɗamu dashi yace yawanci awa ɗaya ake yi a kai sama, sai nace masa to ni ka bani minti 30, har abokaina suna tafa min.

Malam Edita wallahi farkon hanyar yaudara ce, a shimfiɗe take cikin gonaki kana tafiya kana raha, sai kawai ta miƙe tsaye kamar an jingina tsani. Na ɗiba da gudu na bar kowa a baya. Ban yi minti 15 ba naji zuciyata tana bugawa a cikin kunnena, bakina ya bushe ƙamas, idona yana ganin wasu taurari da rana tsaka, na samu saiwar wata bishiya na zauna, abolon nan da kifin nan duk suka dawo ta inda suka shiga. Ina cikin wannan hali sai ga wata yarinya ƴar ƙauyen da bata wuce shekara 12 ba, silifas ne a ƙafarta, ta gaisheni cikin ladabi ta wuce sama abinta ko haki bata yi. Waɗanda na bari a baya ɗaya bayan ɗaya suka zo suka wuceni, kowa sai yace sannu mai minti 30. Na kai sama dai daga ƙarshe bayan kusan awa 2, na rungumi allon da aka rubuta mita 885 aka ɗaukeni hoto, duk wanda yaga hoton sai yace murmushi nake alhali haƙora na cije.

To ashe wasa farin girki. Saukowa ce ta gama dani. Gwiwoyina suka riƙa rawa kamar na sabon ɗan akuya, yatsuna suna dukan gaban kambas a duk taku, wurin da yayi gangare sosai sai na zauna na riƙa jan gindi, nan jins ɗin ya yage tun daga baya har cinya. Ka duba fa, tela guda da yagaggen wando, da rigar wani na ɗaure ƙugu muka dawo Accra. Washegari da sauƙi sauƙi, amma kwana na 2 ko tsugunno ban iya ba, keken ɗinki na kasa takawa, ƙumbar babban yatsana tayi baƙi daga baya ta fita gaba ɗaya. Sati guda a zaune nake sallah.

A masallaci ne wani dattijo tsohon soja da muke sahu ɗaya, Baba muke ce masa, ya lura dani. Bayan an sallame ya matso yace ɗana lafiya kake sallah a kujera, haɗari kayi? Na bashi labari tsaf. Yayi dariya har da hawaye sannan yace kai ɗana zuwa kayi walimar saukar karatu alhali ko babbaƙu baka gama ba, ran asabar ka sameni bayan asuba in kaika makarantar allo.

Makarantar allon tasa ita ce hanyar Ayi Mensah zuwa Peduase, wadda duk ɗan Accra ya sani amma yawancinmu ƴan zango a cikin mota kawai muke wuceta. Ga wanda bai sani ba, in ka hau trotro mai zuwa Aburi daga Madina zaka wuce Adenta da Pantang da Oyarifa, sai ka sauka a Ayi Mensah daidai inda ake karɓar kuɗin hanya a da kafin gwamnati ta dakatar a ƙarshen 2021. Daga nan titi yake fara hawa yana lanƙwasa, gefe ɗaya bangon dutse ɗaya gefen kwari, har ka isa Peduase inda gidan hutun shugaban ƙasa yake wanda aka gina tun zamanin Nkrumah. Kwalta ce tun daga ƙasa har sama, ba wurin da zaka dafa da hannu, mai matsakaicin ƙarfi cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka ya isa. In kaje da wuri kafin rana ta fito ka waiga baya zaka ga Accra shimfiɗe fitilu basu gama mutuwa ba, kuma iskar wurin daban take da wadda muke shaƙa a bakin kwata. Ran asabar kuwa cika take da mutane, ƙungiyoyin motsa jiki da ganguna da waƙoƙinsu, masu ƙiba masu rama, masu sayar da kwakwa suna jira a sama.

Ranar farko ina sauka daga mota na fara zabga sauri, Baba ya riƙo min riga. Yace karanta min Ƙulhuwallahu a bayyane kana tafiya. Na fara, ban kai ƙarshe ba numfashi ya yanke. Yace to kayi sauri da yawa, rage. Na rage na sake karantawa har saida na iya kaiwa ƙarshe ba tare da haki ba, yace yauwa wannan ita ce tafiyarka, duk ranar da ka wuce ta to bashi kake ci kuma dutse baya yafe bashi. Gaskiya haushi naji don tafiyar kamar ta mai rakiyar amarya, tsofaffin mata suna wuce mu, amma abin mamaki har muka kai Peduase ban tsaya ko sau ɗaya ba, kuma wasu samari da suka wuce mu a guje a lanƙwasa ta farko mun samesu zaune kan ƙarfen gefen titi suna fifita da riga. Ya kuma koya min ƙanana ƙananan taku, kada in riƙa wage ƙafa, tafin ƙafa gaba ɗaya ya sauka a ƙasa ba kan yatsu ba, ruwa kuma kurɓi kaɗan kaɗan tun kafin ƙishirwa ta kama ba sai ta kama in ɗaɗɗaka ba.

Da muka kai sama na hango trotro na ɗaga hannu, Baba ya buge hannun. Yace ina zaka? yanzu za'a fara karatun. Nan ne mutane da yawa suke cutar kansu, su hau da ƙafa su sauko a mota suna ganin sun gama aiki. Alhali in kana gangarowa naman cinyarka ne yake zama birki, duk taku shi yake tare nauyin jikinka gaba ɗaya yana miƙewa yana riƙewa a lokaci guda, irin wannan aikin ne yake kawo tsamin jikin da baya fitowa sai bayan kwana ɗaya ko 2, shine abinda ya zaunar dani a kujera. Ƙwallo bata koya maka shi, gudu a fili baya koya maka shi. Amma jiki yana da saurin gane karatu, in ka maimaita gangaren sati bayan sati tsamin raguwa yake har ka daina jinsa. Sai ka ɗan saki gwiwa kada ka ƙame ta, kada kuma ka bari gangare ya ja ka da gudu.

Bayan kamar wata guda sai yace in zo da jakar goyo. Dabarar da ya nuna min har yau ina yaba ta, don bata buƙatar sikeli. Ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce, wato rabin kilo kenan. Na fara da leda 4, kilo 2, bayan sati 2 na ƙara 2, haka haka har na kai leda 16, kilo 8 a bayana. A farko in mun kai Peduase sai in rabar da ruwan sadaka ga masu haki don kada nauyin ya ci min gwiwa wajen saukowa, kaga ga motsa jiki ga lada, daga baya da ƙafa tayi ƙwari na fara saukowa da kayana. Wannan jakar ta tona min asirai da yawa, inda igiyarta ke cin kafaɗa, yadda baya ke jiƙewa, da yadda riga mai auduga ke shan gumi ta manne maka tayi nauyi. A matsayina na tela har na sake ɗinke igiyar na saka mata soso.

Takalmi kuwa gwanjo na siya a Kantamanto, mai taurin ƙasa mai haƙora, kuma na ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafata don ƙafa kumbura take in an daɗe ana tafiya kuma yatsu na buƙatar wurin zama a gangare. Ka yanke ƙumba kafin ka fito, ka ɗaure igiya tamau ta wajen idon sawu. In takalmi zai yi maka bororo gara yayi maka a Peduase inda trotro ke wucewa duk minti kaɗan, ba a tsakiyar daji ba. Amfanin hanya mai sauƙi kenan da mutane basu gane ba, kowane kuskure a nan arha ne. Shi yasa Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Da hanyar ta zama ruwan sha sai muka fara ninkawa. Wani lokaci mu hau mu sauko mu sake hawa, wani lokaci mu zarce ta Kitase har Aburi mu huta a lambun nan da aka buɗe tun 1890 mai jerin dogayen bishiyoyi a ƙofar shiga, mu ci ɗan ƙosai da dabino mu juyo. Wani satin kuma asabar da lahadi a jere, don Baba yace babban dutse ba wahalar yini ɗaya bace, wahalarsa ka tashi da gajiyar jiya a ƙafarka ka sake ɗaura takalmi. Tsakiyar mako kuma in na rufe shago sai in hau gadar masu tafiya a ƙasa ta Zongo Junction in sauka in sake hawa sau 10 ko 15, masu talla har sun saba dani, wata mai lemu kullum sai tace Malam tela yau ma abu ka manta a can ƙetaren?

Amma fa kwalta kwalta ce, dutse ba'a yi masa shara. Don haka lokaci lokaci muke zuwa Shai Hills a hanyar Akosombo, can akwai tudun duwatsu da koguna da sai ka sa hannu ka dafa, sai dai ka riƙe ledar abincinka da kyau don gwaggon birin wurin basu da kunya ko kaɗan. Mun kuma hau dutsen Krobo, wanda mutanen Krobo suka zauna a kansa har Turawan Ingila suka koro su ƙasa a 1892. A irin waɗannan wuraren ne ƙafa ke koyon taka tsakuwa mai zamewa, ido ya koyi zaɓen inda za'a sa ƙafa.

Bayan wata 7 na koma Afadjato, ni da Baba da mutum 3. Koko kawai na sha da ƙosai 2. Minti 55 muka yi ba wanda ya zauna, na sauko a tsaye da wandona lafiya lau, washegari da safe ina kan keken ɗinki. Na nemi yarinyar nan mai silifas da ido ban ganta ba, naso ace ta ganni.

Yanzu ga inda nake so samarin bes ɗinmu su buɗe kunne, don kada wani ya karanta wannan yace tela yace Peduase ta isa. Akwai abinda Peduase bazata taɓa koya maka ba ko shekara 10 kayi kana hawanta. Mu a Accra bakin teku muke zaune, kuma duk faɗin Ghana babu tudun da ya kai mita 1,000. Kilimanjaro a Tanzaniya mita 5,895 ne. Tun daga wajen mita 2,500 jikin mutum ke fara jin ƙarancin iska, a can ƙololuwa kuwa abinda kake ja a numfashi ɗaya kusan rabin wanda kake ja a Madina ne. Ciwon da yake kawowa shine ciwon kai da tashin zuciya da jiri da rashin barci da rashin cin abinci, in yayi tsanani ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma yana kisa. Wannan ciwon baya duba ƙwanji, baya tambaya ko kana buga ƙwallo, hasali ma masu ƙarfin ne suka fi faɗawa tarkon don ƙafarsu tana kaisu sama da sauri fiye da yadda jininsu zai saba. Maganinsa a hau a hankali a ƙara kwanaki a hanya, shi yasa tafiyar take ɗaukar kwana 5 zuwa 9 gwargwadon hanyar da ka bi, Marangu ko Machame ko wata, kuma mai kwanaki da yawa tafi kai mutum sama. In ciwon ya kama ka yana ƙaruwa to sauka kawai, ba jarumtaka a ciki. Jagororin can kalmar da suka fi faɗa da Swahili ita ce pole pole, wato sannu sannu, da naji haka sai nace ashe Ƙulhuwallahun Baba ce aka fassara. Kuma doka ce baka hawa sai da jagora mai lasisi, ba wai ka sauka a Moshi, garin dake gindin dutsen, ka kama hanya ba. Ga sanyi, daren ƙarshe tsakar dare ake tashi a cikin sanyin da ruwa ke daskarewa, mu da ɗan hunturun Disamba ke sa mu rufe kai da kunne kamar masu jego.

Abu ɗaya kuma mai muhimmanci a garemu, sikila tana da yawa a cikin al'ummarmu. Mai sikila ƙarancin iska haɗari ne babba gareshi, ko wanda yake AS ma, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila a jininsa da baya jin komai a ƙasa, tsawo mai yawa na iya taɓa masa saifa. Don haka kafin kuɗin jirgi a fara biyan kuɗin gwajin jini a ga likita. Haka mai hawan jini da mai ciwon suga da mai ciwon zuciya, ko Peduase ɗin ma a auna tukuna.

Ni kaina susu, wato adashi, nake zubawa, burina dutsen Kamaru dake Buea mai mita 4,040 in hankali ya kwanta a yankin, sannan in Allah ya ara rai da kuɗi Kilimanjaro. Hangen Dala ba shiga birni bane na sani, amma aƙalla yanzu ƙafa da takalmi da jaka ba su ne zasu kada ni ba.

Sai dai Malam Edita, abinda yasa na ga maganar ta cancanci jarida ba wai Kilimanjaro bane, mutum nawa ne a zango zasu je can. Akwai dutsen da kusan kowa a cikinmu yake addu'ar Allah ya kaishi. Yayata da ta samu kujerar Makka, mace mai jiki wadda daga ɗaki sai shago sai cikin tasi, ni na lallaɓeta ta biyomu wata 3 kafin tashinsu. Ranar farko a lanƙwasa ta 2 ta zauna tace ƙanena ka kasheni ka huta, muka sa ta a mota. Sati na 5 ta kai Peduase da ƙafarta tana zagina tana dariya. Da ta dawo daga Hajji ita ta riƙa bada labari cewa tsakanin Safa da Marwa sau 7 kaɗai ya haura kilomita 3, ga ɗawafi, ga zuwa jifa daga tanti a dawo cikin rana da cunkoso kwana bayan kwana, tace matan da suke ɗaki ɗaya wasu sai da aka tura su a keke ana biyan kuɗi, ita kuwa da ƙafarta ta gama komai. Har Jabalun Nur ta hau taga kogon Hira, duk da ba ya cikin aikin Hajji. Maniyyatanmu ana koya musu yadda ake ɗaura harami da addu'o'i, madalla, amma ban taɓa jin an ce musu ku fara tafiyar ƙafa tun yanzu ba, alhali mutum ya tara kuɗin shekara da shekaru.

Da ta fara binmu ba irin maganar da bata sha ba, wai mace mai shekaru da hijabi tana yawon dutse kamar Baturiya. Ni kuma ana ce min aikin marasa aikin yi. Abin yana bani mamaki. Nana Asma'u ƴar Sayyidina Abubakar ba ita ta riƙa kai guzuri lokacin Hijira da Manzon Allah SAW da mahaifinta suke kogon Saur ba? Mu kanmu ya akayi muka zo ƙasar nan, a jirgi? Kakanninmu fatake da ƙafa suke tasowa daga Kano da Katsina da jakuna wata da watanni har Salaga fataucin goro, bayan yaƙin Salaga na 1892 da yawansu suka watsu zuwa Kumasi da Krachi da nan Accra. Jikokinsu ne yau daga Zongo Junction zuwa kasuwar Madina sai mun tsaida mota, mu wuni a zaune muna shan ataya mai suga kamar zuma, da daddare a danna tuwo a kwanta, sannan in ciwo yazo ace jifa ne.

Su ma masu zuwa hanyar ina da ƙorafi a kansu, har da namu. Mutum ya sha fiya wata ya wurga ledar a kwari, in ka leƙa ƙasa duk fari fat abin takaici, alhali aljihu bai cika ba. Wasu su jeru mutum 6 a kan titi suna hoto bayansu na kallon motar dake gangarowa, kuma kowa ya san motar da ke saukowa daga tudu birkinta amana ce kawai. A bi gefe, a fuskanci motoci, in da duhu a sa riga mai haske. Lokacin damina a yi hankali da gindin bangon dutsen don duwatsu sun taɓa gangarowa har aka rufe hannu ɗaya na titin. Sai masu naɗe ciki da leda ko su sa rigar roba wai tumbi zai narke, ɗan'uwa ruwan jikinka kake zubarwa ba kitse ba, wata rana jiri zai kwashe ka a gaban mota. Na ƙarshe su ne waɗanda suke tafiyar awa ɗaya sannan su zauna cin waakye na awa 2 da ƙwai da taliya da wele, to wannan dai Allah ya shirye mu baki ɗaya don nima wani lokacin ina ciki. Da azumi kuma mu dakatawa muke, sai ɗan zagaye kaɗan gab da shan ruwa, bayan sallah mu koma da leda 4 kamar sabbin shiga.

Roƙona gareka Malam Edita ka taimaka ka riƙa ware ɗan gurbi ana magana kan irin wannan, kuma limamanmu da masu yi wa maniyyata bita su sa baki, kalma ɗaya daga bakin liman tafi wasiƙata 10. Ƴan'uwanmu na Kumasi da sauran zanguna kowa ya duba tudun da ke kusa dashi, ba dole sai Peduase ba.

Su kuma samarin nan 5 na gayyacesu. Asabar ɗin da ta wuce 2 ne suka fito, mai ƙwallon baya ciki wai ƙafarsa na ciwo. Ɗaya ya kai sama ya faki idona ya faɗa trotro, ɗayan ya sauko tare damu kuma jiya naga yana sauka daga matakalar masallaci da baya da baya yana riƙe da bango, yace Kawu asabar ma ina nan in Allah ya yarda. Baba yace a kawo wa yaron leda 2 kawai. Duk mai so ya samemu gindin gadar Zongo Junction bayan an sallame asuba, ƙarfe 5 da rabi mota ke tashi bama jiran kowa.

Nagode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani tela daga Madina Zongo, Accra